Sabuwar Mota: Mai Saye ko Ɗan Kallo?

Mun san za a ce mana, ina ruwan ɗalibi da sabuwar mota, shi da ko kuɗin shiga a-daidaita-sahu daga ƙofar makaranta zuwa cikin gari sai ya tsaya ya yi lissafi? Tambayar tana kan hanya, amma mai yin ta ya manta da tarihi. An yi zamani a ƙasar nan da ɗalibin jami'a yake da ruwa har da tsaki a kan sabuwar mota, domin ya san cewa idan ya kammala karatu ya kama aiki, bashin mota yana jiransa, kuma kafin ya yi aure ya riga ya yi mota. Wannan zamanin bai yi nisan da za a mayar da shi tatsuniya ba. Waɗanda suka ci moriyarsa suna nan da ransu, wasunsu su ne manyan malaman da ke koya mana, wasunsu kuwa su ne suka riƙe ragamar ƙasar har ta iso inda take. Saboda haka muna da haƙƙin mu tambaye su yadda aka yi shagon sayar da sababbin motoci ya zama wurin da ɗan ƙasa mai cin guminsa yake leƙe ta gilashi ya wuce.

Mu fara da abin da mai saye yake tararwa idan ya yi ƙarfin hali ya shiga. Tun daga bakin ƙofa ake auna shi. Mai gadi zai dubi abin da ya kawo shi, ko mota ce ko sayyada, ya dubi takalminsa da gugar rigarsa, kafin ya yanke shawarar irin gaisuwar da ta dace da shi. A ciki zai tarar da motoci a jere suna ƙyalli, kujerunsu lulluɓe da leda, sanyin na'ura yana kaɗawa, amma da wuya ya ga farashi a rubuce a jikin ko guda. Idan ya tambaya, sai a ce ya dakata a duba yadda dala ta kwana. Kuɗin da aka faɗa masa da safe ba lalle ne ya kai la'asar ba. Idan ya ce launi kaza yake so, sai a ce tana kan ruwa, ya ajiye kafin alƙalami mai tsoka ya jira mako shida. Cinikin biri a sama ke nan. Mako shida ya zama wata uku, motar ta iso, sai a ce masa dala ta tashi, kuɗin fito ya ƙaru, ya ciko ko ya haƙura. Kuɗinsa ya yi wata uku yana juyawa a hannun wani, darajarsa tana zagwanyewa, kuma ba wanda zai ba shi haƙuri balle diyya.

Bayan wannan sai a shiga ƙananan yanka. Ga kuɗin lamba, ga na inshora, ga na na'urar bin sawun ɓarayi, ga na kai mota gida, kowanne da ribar dillali a cikinsa, kuma ba a ambace su ba sai da ciniki ya faɗa. Sai a miƙo takardar garanti cikin Turancin lauyoyi da ƙananan baƙaƙe, wadda idan aka tace ta ma'anarta ita ce: ka kuskura bakaniken unguwarku ya sauya maka ko da baƙin mai ne, to, alkawari ya warware. Garejin da aka yarda da shi kuwa yana iya kasancewa a Legas ko Abuja, kai kuma kana Gusau ko Damaturu. Wannan duk a wurin dillalan da kamfanonin ƙera motoci suka amince da su ne. A gefe guda akwai wasu da suke shigo da motocin da aka ƙera domin wata kasuwa dabam, ba su da garantin da ke aiki a nan. Akwai kuma waɗanda suka fi su ta'asa, masu ɗauko motar da ta yi hatsari a Amurka, su daddaƙe ta, su yi mata fenti, su mayar da agogon tafiyarta baya, su sa wa kujeru leda, su rantse da Allah sabuwa ce fil.

Ba mu ce duk dillalai haka suke ba. Akwai masu amana a cikinsu, kuma mun san su ma faɗuwar naira ta dake su, domin wanda ya sayar yau bai san ko kuɗin zai maido masa da irin motar gobe ba. Amma idan hali guda ya game kasuwa daga wannan gari zuwa wancan, to, neman dalilinsa a tarbiyyar ɗan tsaron shago ɓata lokaci ne. Ɗan kasuwa yana girmama wanda cinikinsa ya dogara a kansa. Mai sayar da tumatir a Sabon Gari yana lallashin uwar gida mai sayen kwano guda domin ya san ire-irenta ne kasuwarsa. Dillalin sababbin motoci kuwa ya daɗe da sanin cewa malamin makaranta da likita da ƙaramin ɗan kasuwa ba su ne kasuwarsa ba. Kasuwarsa ita ce baitulmali: ma'aikatu da hukumomi da majalisu da fadojin gwamnoni, sai kuma bankuna da manyan kamfanoni. Waɗannan suna saye da dozin, ba sa taya ciniki, kuma wanda ya sa hannu a takardar odar ba daga aljihunsa kuɗin zai fita ba. Wani lokaci ma tsadar ce ta fi yi masa amfani, domin kashi goma na mai tsada ya fi kashi goma na mai araha. Wanda yake da irin wannan abokin ciniki, me zai yi da mai zuwa da tarin guminsa na shekara ashirin yana tambayar ragi?

Domin a gane yadda aka zo nan, sai mu koma shekarun 1970. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon, da kuɗin man fetur a hannunta, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai domin a riƙa haɗa motoci a gida. A 1975 masana'antar Peugeot, wadda Hausawa suke kira Fijo, ta fara aiki a Kakuri ta Kaduna, ta Volkswagen kuma a Legas. Daga baya aka samu na manyan motoci guda huɗu: Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, da Fiat a Kano. A wannan shekarar ta 1975 ne kuma aka biya ma'aikata ariyas na ƙarin albashin Udoji, kuɗi ya yawaita, kowa ya nufi shagunan SCOA da UTC da Mandilas da makamantansu. A ƙarshen shekarun 1970 sabuwar Peugeot 504 ba ta kai naira dubu 10 ba, kuma a 1980 naira guda ta fi dala guda da rabi. Masana'antar Kaduna ita kaɗai ta kai ga fitar da mota kusan dubu 60 a shekara a farkon shekarun 1980. Bashin mota ya zama haƙƙin da ma'aikaci yake ganin nasa ne, har ya kasance da aka soke shi, maido da shi yana cikin buƙatun babban yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta yi a watan Mayun 1981 ƙarƙashin Hassan Sunmonu.

Kada dattawa su ce mana a wancan zamanin komi lafiya lau ne. Tun a lokacin an san layi, an san takardar rabo, an san 'yan baranda. Motoci da kayan gyaransu suna cikin jerin kayayyakin da dokar ƙayyade farashi ta 1977 ta ambata, amma abin da dokar ta haifar shi ne farashi biyu: na takarda ga mai uwa a gindin murhu, na bayan fage ga sauran jama'a. Mai hanya ya karɓi takardar rabon mota biyar bai taɓa sitiyarin ko guda ba, ya sayar da takardun a zaure ya ci riba. Nan aka shuka irin da muke girba yau, wato aka koya wa masu iko cewa arziki yana cikin tsayawa tsakanin masana'anta da mai saye, ba a cikin masana'antar ba. Duk da haka, a wancan lokacin mai saye mutum ne da ake lissafawa da shi. Ana cutarsa, amma ana bukatarsa.

Babban aibin shi ne ginin bai da harsashi. Abin da aka kira masana'anta yawancinsa ɗaure kusoshi ne. A shekarun farko da jirgin sama ake kwaso sassan Peugeot daga Liyon ta Faransa zuwa filin jirgin Kano, sannan a ɗauke su zuwa Kaduna. An yi alkawarin cewa a hankali sassan gida za su maye gurbin na waje, kuma ginshiƙin wannan alkawari shi ne masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda aka ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilarta a 1979. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, Ajaokuta kuwa ba a kammala ta ba. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, aka karya darajar naira, sai kuɗin kowane sashe da ake shigowa da shi ya ninka ya sake ninkawa, albashi kuwa yana tafiyar hawainiya. Kafin a yi nisa cikin shekarun 1990 masana'antar Volkswagen ta yi shiru. Ta Kaduna ta ci gaba da numfashi da odar gwamnati, har aka zo 2003 aka mayar da haƙƙin motar ofis kuɗi a cikin albashi, odar ta ragu. An sayar da ita ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya danne ta, hukumar AMCON ta karɓe ta a 2012. Masu yin taya ma, Michelin da Dunlop, sun rufe masana'antunsu a 2007 da 2008, a ƙasar da bishiyar roba take tsirowa.

Wanda zai ce ƙaddara ce, sai ya dubi Koriya ta Kudu. Kamfanin Hyundai shi ma da haɗa motar wani ya fara, wato Ford Cortina, a 1968. Amma a 1975, shekarar da aka yi bikin buɗe masana'antar Kaduna, ya fito da tasa motar mai suna Pony. Koriya ba ta da man fetur. Abin da take da shi shi ne hukumar da ta gina masana'antar ƙarfe ta kammala, ta tilasta wa kamfanoni koyon ƙira, ta kuma tsaya a kan manufa guda shekara da shekaru. Yau motocin Koriya suna cikin waɗanda ake jerawa a bayan gilashin da muke leƙawa. Ko a nahiyarmu, Maroko ta buɗe masana'antar Renault a Tanja a 2012, ta Peugeot a Kenitra a 2019, tana ƙera ɗaruruwan dubban motoci a shekara tana kai wa Turai. Mu kuwa muka zama jujin Turai. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Har harshenmu abin ya shafa: mutum ya sayi motar da Bature ya hau shekara goma ya gaji, a zo ana yi masa barka da sabuwar mota, domin 'yar Baljiyam ce ko 'yar Kwatano, ba a taɓa hawanta a nan ba.

An yi yunƙurin gyara, amma irin na mai ɗinki da rana yana farkewa da dare. A 2013 aka fito da manufar raya masana'antar motoci, aka ɗora fito kashi 35 da ƙarin haraji kashi 35 a kan motocin da ake shigowa da su a haɗe, domin a kare masu haɗawa a gida. Aka nemi mayar da manufar doka, shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a 2019. Dokar kuɗi ta 2020 kuma ta zaftare wancan ƙarin harajin zuwa kashi 5. Wane mai hankali ne zai zuba jarinsa na shekara talatin a kan manufar da ba ta cika shekara takwas ba? Duk da haka akwai masu ƙoƙari: Innoson ya buɗe masana'antarsa a Nnewi a 2010, kamfanin Dangote Peugeot kuma ya fara haɗa motoci a Kaduna a 2022. A watan Mayun 2017 an sa hannu a kan umurnin shugaban ƙasa mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 na abin da hukumomi suke kashewa a kan wasu kayayyaki, har da motoci, ya tafi ga kayan gida.

To, a ga yadda masu yin doka suka girmama wannan umurni. A 2023, 'yan watanni bayan an janye tallafin man fetur an ce talaka ya ƙara haƙuri, Majalisar Tarayya, mai wakilai 360 da sanatoci 109, ta sayi manyan motocin Toyota na waje, waɗanda jaridu suka ruwaito cewa kowace ta kai kimanin naira miliyan 160. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira dubu 30 ne a wata. Mu ɗalibai ne, mun iya lissafi. Ma'aikacin da ke karɓar wannan albashi, idan bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sai ya yi shekara 444 kafin ya tara kuɗin mota guda. Da aka ƙara albashin zuwa dubu 70 a 2024, sai wa'adin ya ragu zuwa shekara 190. Da aka tambayi dalilin da ya sa ba a sayi na gida ba, hujjar da aka kawo ita ce hanyoyin ƙasar ba su da kyau, sai mota mai ƙarfi. Wato waɗanda suke zartar da kasafin gyaran hanya sun kafa hujja da lalacewar hanya domin su sayi motar da za ta hana su jin ramukan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce mana mota kayan alatu ce, abin da talaka yake bukata shi ne bas da jirgin ƙasa. Mun yarda da rabin wannan magana, har mun fi masu faɗinta yarda, domin mu ne muke cunkusuwa mu huɗu a kujerar mutum uku a hanyar Zariya zuwa Kano. Amma bas ɗin ma a wani shago ake sayen sa, haka motar asibiti, haka tarakta, haka motar ɗaukar masara daga gona zuwa Dawanau. Ƙasar da direban haya ba zai iya samun sabuwar mota bashi ya biya a hankali ba, ita ce ƙasar da fasinjojinta suke hawa motar da birkinta ya girmi direban. Bashin banki kuwa ba hanya ba ce, domin a watan Nuwamban 2024 kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5, kafin bankunan kasuwanci su ɗora nasu. Kuma akwai wani ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye. 'Yan'uwanmu da ke sashen injiniya suna shekara biyar suna zanen inji a takarda, su fita su tarar da babu inda ake ƙera inji. Kowace mota da aka shigo da ita a haɗe da kuɗin jama'a, albashin wani matashi ne a wata ƙasa, wanda da an ga dama da na ɗaya daga cikinmu ne.

Ga ɗan tsirarun da har yanzu suke iya shiga su saya, muna tunatar da su cewa doka ba ta bar su tsirara ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashi a fili, ya faɗa idan kayan na hannu ne ko gyararre, ya kuma ba da rasit. Ta ba mai saye damar maido da kayan da aka samu da aibi cikin wata uku, a gyara masa, ko a sauya, ko a maido da kuɗinsa. Saboda haka kada wanda ya ajiye ko kwabo sai da takardar da ta faɗi farashi cikin naira, da ranar miƙa mota, da abin da zai faru idan aka saɓa. Ya binciki lambar jikin motar, ya nemi takardun kwastan, ya sa a karanta masa garantin a fassara. Jin kunyar tambaya domin kada a ce ba babban mutum ba ne shi ne jarin da macuta suke juyawa.

Amma wayon mai saye guda ba zai gyara kasuwar da aka karkatar da gangan ba. Don haka muna kira da abu huɗu. Na farko, a haramta sayen motar waje da kuɗin jama'a matuƙar ana haɗa irinta a gida, daga fadar shugaban ƙasa har sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma a buga farashin kowace mota da aka saya da sunan dillalin da ya kawo ta domin kowa ya gani. Na biyu, a mayar da manufar motoci doka mai wa'adi mai tsawo, da sharaɗin cewa duk wanda aka yi wa rangwamen fito sai ya nuna ƙaruwar sassan gida kowace shekara, in ba haka ba a janye rangwamen, kada mu sake ciyar da masu ɗaure kusoshi da sunan masana'antu. Na uku, a kafa asusun bashin mota mai sauƙin ruwa domin ma'aikata da ƙungiyoyin direbobi, wanda ba za a sayi komi da shi ba sai abin da aka haɗa a ƙasar nan. Na huɗu, hukumar kare masu saye ta fito daga ofis ta shiga shagunan, ta hukunta mai ɓoye farashi da mai sayar da tsohuwa da sunan sabuwa, ta kuma yi shela da harsunan da jama'a suke ji.

Ranar da cinikin dillali ya koma ya dogara a kan malamin firamare da ma'aikaciyar jinya da direban tasha, ba sai an koya wa mai gadinsa gaisuwa ba, kuma farashi zai hau jikin gilashi da kansa. Kafin wannan rana ta zo, ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai su sa wannan batu cikin jerin abin da suke tambayar duk ɗan siyasar da ya shigo harabar jami'a neman ƙuri'a: motar da ka zo a ciki, a ina aka haɗa ta, nawa aka saye ta, kuma kuɗin wane ne? Idan ya kasa amsawa, to, mun san matsayinsa, shi ma ya san namu.